Layi ya taso a jikin dala ashirin: daga wurin bugu ne ko rauni ne?

Ɗan Mokoyo:
Salamu alaikum ƴan uwa. Ina da shago kusa da babbar kasuwar Maradi, kuma na daɗe ina ware tsofaffin kuɗin ƙarfe daga cikin canji. Akwai wata dala ashirin, wato sefa ɗari, ta 1975 da wani siririn layi ya taso daga bakinta ya ratsa cikin rubutu. Sai kuma kwabo mai huji na 1952 da na samu a kayan kakata, cikin zagayen lamba 9 akwai ɗan ƙullutu ya cike wurin. Wani yaro ya ce a Facebook irinsu miliyoyi suke. Mene ne gaskiyar abin?

Malam na unguwar Zariya, Maradi:
Wa alaikumus salam. Kafin maganar farashi, ka duba abu guda: layin tudu ne ko rami? Kuɗin nan da hatimin ƙarfe ake buga su, sama da ƙasa, da nauyi mai yawa. Namu na sefa a Faransa ake yin su, a masana'antar Monnaie de Paris. Hatimi ɗaya yana buga dubbai, har ya gaji ya tsage. In ya tsage, ƙarfen kuɗin yana kutsawa cikin tsagar lokacin bugu, sai ya fito a tashe, kamar jijiya a bayan hannu. Karce kuwa nutsewa yake yi ciki.

Ka kashe fitila, ka haska tocilar salula daga gefe, kana juya kuɗin a hankali. Inuwa za ta nuna maka. In ka samu gilashin masu gyaran salula mai ƙara girma sau 10, ya fi. Tsagar hatimi ba ta cika miƙewa sambal ba, tana karkacewa, wani lokaci ta yi reshe, kuma launinta ɗaya da sauran jikin kuɗin. Wuƙa ita ma tana ture ƙarfe gefe ya ɗan tashi, nan ne mutane ke ruɗewa, amma kullum za ka ga kwari a tsakiya.

Ƙullutun cikin 9 ɗin, ɗan yankin hatimi ne ya ɓantare. Cikin zagayen lamba ko harafi, hatimin ɗan tsinke ne siriri, shi ke fara karyewa. A Amurka an san wannan a kwabon Lincoln na shekarun 1950, inda ƙullutu ke fitowa tsakanin B da E na LIBERTY, ya yi kama da harafin I.

Maƙerin Bagalam:
Malam ya gama magana, sai dai in ƙara ta sana'armu. Ba kowane tudu ba ne na hatimi. Ana kawo mana dalar azurfa mai kan mace, ta 1780, wadda iyayenmu mata ke ado da ita, cikinsu akwai na zubi. Na zubi jikinsa gurzaza yake da ƙananan ƙuraje da ramuka ko'ina, rubutun ya dakushe, ga alamar haɗi a baki. Wani tudun kuma ragowar dalma ce, wurin da aka taɓa liƙa maratayi. Launi ke tona shi.

Kuma don Allah, ƙanena, kar ka wanke su da toka ko lemun tsami. Mai saye yana ganin goge zai rage kuɗi.

Hajiya Mai Atamfa:
Miliyoyin nan dai a bakin yaron suke. Ƙaramar tsaga abu ne gama-gari, tun da duk kuɗin da hatimin ya buga bayan ya tsage da ita suke fitowa, wuri ɗaya sak. Wanda masu tarawa ke ɗan ƙara wa kuɗi shi ne in bakin hatimin ya ɓalle gaba ɗaya, ƙarfe ya taru dunƙule a gefe ya cinye rubutu. Kwabon naka ka duba ƙarƙashin huji ko kusa da shekara, ko akwai ƙaramin H ko KN, alamar masana'antun Birmingham ne a Ingila. Ka turo hoto gaba da baya, cikin hasken rana.