Suyar gahawa a cikin gida: in sayi ƙaramin injin ko in haƙura?

Abu Hanif: Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena da ya yi bautar ƙasa a Gembu, can tsaunin Mambilla a jihar Taraba, ya zo mani da ɗanyen 'ya'yan gahawa kilo 4. Na ga ƙaramin injin suya na lantarki, mai hura iska mai zafi kamar na gugguru, yana cin giram 100 a zubi ɗaya, an rubuta wat 1,400 a jikinsa. Mai shi ya ce N95,000. Gidan haya muke a Ƙofar Ƙaura, tagar kicin ɗaya ce 'yar ƙarama, ga jaririya 'yar wata biyar. Tsakar gidan na haɗaka ne, matan maƙwabta na nan kullum, ba wurin zamana ba ne. Hayaƙin zai yi yawa a cikin ɗaki? Kuma inbatarmu mai 1.5kVA za ta ja shi? Wanda ya taɓa yi da hannunsa nake son ji, don ranar Asabar zan ba mutumin amsa.

Ɗan Marusa: Wa alaikumus salam. Malam, sayi Nescafé na leda wurin mai shayi ka huta.

Alhaji na Jidda: Shekara 9 na yi a Jidda. Larabawa sama-sama suke soya tasu, ta fito ruwan ƙwai, su daka da hel, wani kayan ƙamshi, a sha da dabino. Habashawa kuwa sai ta yi duhu. A kan gawayi matar gida ke soyawa, sannan ta zagaya da kaskon gaban baƙi kowa ya shaƙi hayaƙin, cikin karramawa ne. Ban taɓa ganin inji a gidan kowa ba.

Maman Khairat: Abu Hanif, don girman Allah ka tsaya ka ji. Yayana ne ya aiko wa maigidana irin wannan inji daga Amurka. Ranar farko ya jona shi, muka ji "fat!", sai ƙauri. Ashe wutarsu ba irin tamu ba ce. Aka kai gyara, aka haɗo mu da taransfoma mai nauyi kamar dutsen niƙa. Abin da ba wanda ya faɗa mana shi ne ɓawo. In gahawar ta ɗauki zafi, wani siririn ɓawo kamar na gyaɗa ke saɓulewa, iskar injin ta watsa shi. Har cikin tukunyar miya na tsince shi. Ƙamshin da kake tsammani kuma babu shi a lokacin suya, ƙaurin ƙonannen hatsi ne, ya kama labule da kayan sawa, kwana uku bai saki ba.

Wata Juma'a maigidana ya zuba ya tafi alwala, wai minti biyu. Ɓawon da ya taru bai kwashe ba ya kama wuta, ta lashi labulen taga. Ina ɗaki ina shayarwa na ji yaran maƙwabta na ihun gobara. Allah Ya tsare, silin kawai ya yi baƙi. Amma mai gidan hayar da yamma ya zo da ɗansa, a gaban mutane ya ce mun mayar mashi da gida masana'anta. Muka yi fenti da kuɗinmu, duk da haka shekara na cika ya ba mu takardar tashi. Na bar unguwar da na yi shekara 6, kusa da gidanmu, saboda kofi ɗaya na gahawa. Har yau in na ji ƙaurin nan gabana faɗuwa yake.

Ummu Sadiq: Innalillahi! Sannu 'yar'uwa. Ai masu gidajen haya dalili kawai suke jira su ƙara kuɗi. Wace unguwa ce?

Maman Khairat: Bar shi kawai, na bar shi da Allah. Ko kuɗin fentin bai rage mana ba.

Lawal Daura: N95,000? An yi maka tsada. Na sayi nawa N48,000 a Kano.

Ɗan Marusa: Wace shekara? Ni da idona na ga irinsa a intanet N170,000, ban da kuɗin kawowa.

Lawal Daura: Bara waccan. Na hannu ne, amma lafiyarsa lau. A bakin taga nake ɗora shi, fanka na tura hayaƙin waje. Wajen minti 6 zuwa 8 za ka ji tana fashewa ƙas-ƙas kamar gugguru, wannan ce fashewar farko. In ka kashe jim kaɗan bayanta, hayaƙin bai taka kara ya karya ba. In ka bari ta kai ta biyu, mai ƙaramin sauti, wadda mai ke fitowa a jikin ƙwayar, to nan ne ɗaki ke turnuƙewa. Ka juye a faranti nan take ka yi ta fifita, in ba haka ba zafin jikinta zai ci gaba da cin ta. Ka bar ta kwana biyu kafin ka niƙa. Kuma kilo ɗaya giram 850 ko kusa yake komawa, kada ka ce an yi maka sata.

Injiniya Bishir: Ku bar maganar farashi tukuna. Inbata mai 1.5kVA abin da take bayarwa bai wuce wat 1,200 ba, injinka na neman 1,400. Kashe kanta za ta yi. Wutar gari kuma ƙarfin volt 230 ya kamata ta zo da shi. In ta faɗo 180, zafin da injin zai bayar kusan kashi 60 cikin 100 ne kawai, gahawar ta yi ta bushewa ba ta fashe ba, ta fito lami. Injin Maman Khairat na volt 120 ne, shi ya sa ya ƙone.

Gwaggo Hajara: Ɗana, shekara 30 ina suyar gyaɗa a Ƙofar Sauri. Kasko da muciya da kunne, su ne injin. Kawo mudu ɗaya in soya maka a waje, ka bar wa yarinya iskarta.

Injiniya Bishir: Gwaggo, da girmanki, gahawa ba gyaɗa ba ce. Sai zafinta ya kusa digiri 200 take fashewa, kuma tsakanin daidai da ƙonewa bai fi minti biyu ba.

Alhaji na Jidda: To Injiniya, kai ka taɓa soyawa? Cewa ya yi wanda ya yi da hannunsa. Habashawan da gahawar ta fito daga ƙasarsu, da ma'aunin zafi suke yi?

Injiniya Bishir: Ban taɓa ba, amma tambayar inbata ya yi, kuma aikina ke nan. Kai ma Alhaji kallo ka yi, ba suya ba.

Bahaɗeje: Katsinawa ke nan! Ana fama da kuɗin gero, ku kuna taron gahawa. A ba shi koko da ƙosai, ya sa gilashi ya sha a kofin tangaran, ai duk ɗaya ne.

Ɗan Marusa: Wa ya buɗe wa bawanmu ƙofa? Je ka kamo mana kifi.

Sista Rabi: Ni ma'aikaciyar jinya ce. Kowane irin hayaƙi ba a son shi kusa da jariri, balle yanzu da hunturu, yara na ta zuwa da tari. Gawayi kuma kada a kuskura a hura shi a rufaffen ɗaki, iskar da ke kisa ba ta da wari.

Ummu Sadiq: Abu Hanif, mitarku ɗaya da maƙwabta? Mu gida huɗu ne a kan mita guda. Daga ranar da na sayi hita aka fara ƙirga mani, ko an ɗauke wuta kwana biyu, kati na ƙarewa sai a ce Ummu Sadiq ce.

Maman Khairat: Ai mu har da wannan. Bayan gobarar cewa aka yi injinmu ke shanye kati, aka ɗora mana rabin kuɗin wata uku.

Abu Hanif: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Sista, na ji. Malam Lawal, tagar taka babba ce? Kuma akwai yara a gidan? E, mitarmu ɗaya ce, mu uku.

Ummu Sadiq: Ku ukun nan, da ɗaki ake raba kuɗin ko da kayan wuta? Don mu wanda ke da firiza biyu shi ke cewa a raba daidai.

Injiniya Bishir: Ku sa ƙaramar mita kowa da tasa, rigima ta ƙare.

Ummu Sadiq: Mun kai maganar tun kafin azumi. Mai gidan ya ce ba za a huda mashi bango ba.