Tafiyar hutu da iyali daga Gombe zuwa Bauchi: abin da aka tattauna

Da aka tashi maganar kai yara ziyarar dangi a dogon hutu, kusan kowa ya fara da mota: a duba taya da birki, a tabbatar safaya tana da iska, domin hutun yana faɗawa cikin damina. A kama hanya bayan asuba, kada dare ya riske ku.

Inda aka fi daɗewa ana magana shi ne gandun namun daji na Yankari. Mai zuwa daga Gombe zai wuce Alkaleri, ya karya kwana a Dindima. Wasu suka ce a watan Agusta ciyawa ta yi tsawo, ganin giwa sai an yi sa'a, gara a bari sai rani. Ni dai ina tare da masu cewa maɓuɓɓugar ruwan Wikki da ke cikin gandun kaɗai ta isa dalilin zuwa, ɗumin ruwanta kusan digiri 31 ne dare da rana. A dai ɓoye abinci, birai ba su da kunya.

Iyaye mata suka nace a kan tsaraba, ko da ƙuli-ƙuli ne da dabino. A kuma sanar da Goggo ko Kawu tun kafin a taso, a karɓe wayoyin yara idan an zauna gaisuwa da Kaka.