Neman shawara: aiki ya fito min a Ingila amma an ce garin ba sa son baƙi, in tafi ko in haƙura?

Maman Ilham, Pantami:
Assalamu alaikum jama'ar gidan nan, dan Allah shawara nake nema kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Ni nas ce, shekara 9 kenan ina aiki a nan Gombe, maigidana malamin makaranta ne, yaranmu biyu. Kusan shekara biyu ina fama da jarabawowin fita, IELTS ta gwajin Turanci sai a karo na uku na samu makin da ake so, CBT ta ilimin aikin nas da ake yi a kwamfuta ma na wuce, yanzu wani asibitin gwamnati a Sunderland can arewacin Ingila sun min intabiyu ta waya sun ce sun ɗauke ni, OSCE ne kawai ya rage, wato gwajin aikin nas a aikace, shi kuma sai an je can ake yi. Wlh ranar da saƙon ya shigo har kuka na yi don murna. To matsalar da na je gida na faɗa wa Baba sai ƙanina ya hau bincike a waya, ya ce garin na cikin waɗanda suka zaɓi fita daga Tarayyar Turai a 2016 da kashi 61 cikin 100, kuma a 2024 an yi tarzoma a garin har aka nufi masallaci. Baba ya yi shiru can ya ce, mutanen da suka raba gari da 'yan uwansu Turawa don ba sa son baƙi, ke baƙar fata mai hijabi me kike tsammani za su miki? Maganan nan ta tsaya min a rai, kwana huɗu kenan ban iya barci. Maigidana ya ce duk abinda na yanke yana bayana amma na san shi ma a tsorace yake saboda yara. Dan Allah waɗanda suka san kan abun, da gaske ƙin baƙi ne ya sa suka fita? Kuma in haka ne me ya sa suke neman mu yanzu?

Malam na Jekadafari:
Wa alaikumus salam Maman Ilham, Allah ya sanya alheri. Tambayar Baba tambaya ce ta mai hankali, kar ki ga kaman tsoro ne kawai irin na iyaye. Amma bari in ɗan warware miki yanda abun ya faro don ki san irin baƙin da ake ta hayaniya a kansu a lokacin. Birtaniya ta shiga ƙungiyar tun 1973, kuma dokar Tarayyar Turai ita ce ɗan kowace ƙasa a cikinta zai iya zuwa wata ya zauna ya yi aiki ba biza. A 2004 da aka shigo da ƙasashen gabashin Turai irin su Polan, yawancin tsoffin ƙasashen sai suka ce a dakata tukuna, Birtaniya da Ayalan da Suwidin ne suka buɗe ƙofar aiki nan take, sai mutane suka yi ta kwarara fiye da yanda gwamnati ta zata nesa ba kusa ba. Talakan Bature da ke ƙaramin gari, masana'antar da ubansa ya yi aiki ta mutu, yana ganin layin asibiti ya yi tsawo haya ta tashi, sai ga 'yan siyasa masu son a fita irin su Nigel Farage suna ce masa ga masu laifin nan. David Cameron firaministan lokacin kuma ya yi alkawarin zai rage bambancin masu shigowa da masu fita ya koma ƙasa da 100,000 a shekara, abun ya gagara, a 2015 ya haura 300,000. Da aka zo ƙuri'ar raba gardama ran 23 ga Yuni 2016 masu fita suka samu kashi 51.9, masu zama 48.1, kin ga ai ba wata tazara ba ce, kusan rabin ƙasar ba su so ba. Landan da Sikotlan zama suka zaɓa, matasa yawanci zama, tsofaffi ne suka fi zaɓan fita. Kuma wani bincike da wani attajirin ɗan siyasa Lord Ashcroft ya sa aka yi ranar zaɓen ya nuna kashi 49 na masu fita babban dalilinsu shi ne su dinga yanke hukuncin ƙasarsu da kansu, kashi 33 ne suka ce shige da fice. To ki faɗa wa Baba e akwai maganar baƙi a ciki sosai, ba za a ɓoye ba, amma ba ita kaɗai ba ce.

Goggon Wunti:
Ni kam 'yata ba na goyon bayan tafiyan nan, ki yi haƙuri. Ba ruwana da lissafin kashi kaza da kashi kaza, ko mutum ɗaya ne a cikin ɗari ya tsane ki a titi ya ishe ki baƙin ciki, bare ga yara ƙanana. Nan in an taɓa ki kina da dangi kina da unguwa, can wa gare ki? Sannan mu nan wa za ku bar mana, duk nas mai hannu mai kyau sai ta tafi, ranar da na kai jikata asibiti nas ɗaya ce a kan ɗaki guda cike da marasa lafiya. Ki bi maganan mahaifinki.

Maman Ilham, Pantami:
Goggo na ji kuma wlh maganarki ta ƙarshe ta fi min ciwo don ni ce nas ɗayan nan a dare da yawa. Amma albashin baya kaiwa tsakiyar wata, ga kuɗin makarantar yara ga maganin hawan jinin Mama duk a kaina.

Abban Sadiq, ɗan Bajoga mazaunin Ingila:
Ƙanwata ni shekarata 6 a ƙasar nan, bari in amsa miki tambayarki ta biyu don ita ce mutane ba su gane ba. Da suka fita a hukumance ran 31 ga Janairu 2020, daga farkon 2021 ɗan Polan da ɗan Najeriya suka zama ɗaya a wajen biza, kowa sai ya cika sharuɗa. Turawan da ke musu aikin asibiti da gidajen kula da tsofaffi suka ragu, ga korona ta zo ta gajiyar da ma'aikata, dole suka juya Indiya da Najeriya da Filifin da Zimbabuwe. Sai ya zamana ƙuri'ar da wasu suka jefa don a rage baƙi bata rage komai ba, a 2023 bambancin masu shigowa da masu fita sai da ya haura 900,000, ninki wajen uku na lokacin da ake ta ihun. Wannan shi ya ƙara tunzura waɗancan mutanen suna ganin an yaudare su, shi ya sa jam'iyyar Farage ta Reform take ta ƙara ƙarfi. Tarzoman 2024 kuwa ina nan aka yi, wani yaro ne ya kashe yara mata uku a wani gari Southport ƙarshen watan Yuli sai aka baza ƙarya a intanet wai Musulmi ne ɗan gudun hijira alhali a ƙasar aka haife shi, shi kenan aka hau masallatai da otal otal ɗin da ake ajiye masu neman mafaka. Ba zan miki ƙarya ba sati guda matata bata leƙa waje ba. Amma abinda ƙaninki bai gani a waya ba, washegari Turawan unguwa ne suka fito da tsintsiya suna share titi a Sunderland ɗin, a Southport ma su suka taya gyara katangar masallaci, kuma an kama sama da mutum 1,000 aka yi ta ɗaure su cikin 'yan kwanaki. Maƙwabcina dattijo ne da ya zaɓi fita kuma har gobe baya nadama, amma shi yake karɓa min saƙo in bana gida, da azumi har tambaya yake yaushe za mu sha ruwa. Haka mutanen suke, zai ce miki baƙi sun yi yawa kuma ya ce ke ba dake yake ba.

Baba Mai Goro, tsohuwar kasuwa:
'Yata ɗana ne yake rubuta min wannan. Ni abinda zan ce kar mu ɗauka Bature ne kaɗai yake da wannan hali. A watan Janairu 1983 ina saurayi ina Legas wajen fataucin goro gwamnatin Shagari ta ce duk baƙon da bashi da takarda ya fita cikin sati biyu, kuɗin mai ya faɗi aiki ya yi wuya sai aka ce ai 'yan Gana ne suka cinye. Da idona na ga mutane da jakunkuna a ka suna neman mota, har da telan da ke min ɗinki mutumin kirki, jakar nan da kuke kira Gana mas go daga nan ta samo suna. Kuma kafin nan a 1969 su ma Gana sun kori namu, Hausawa da Yarbawa da yawa suka dawo ba komai a hannu. Da 'yan Ganan nan suka tafi aikin bai dawo ba, sai ma makarantu suka rasa malamai. Ga Nijar nan da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, su ma cewa suka yi suna so su riƙe ƙasarsu da kansu, amma da aka rufe boda bayan juyin mulkin 2023 wa ya sha wuya in ba mu 'yan kasuwa da masu dabbobi a Maigatari ba. Duk inda ciki ya ji yunwa baƙo ake fara kallo. Ni dai ban ce ki je ba ban ce kar ki je ba, amma in kin je ki riƙe takardunki da kyau kuma kar ki sayar da abinda kike da shi a gida, telan nan da nake faɗa miki shagonsa da kekunansa biyu haka ya bar su.

Anti Nas, Tumfure da Bradford:
Maman Ilham ni abokiyar aikinki ce, shekara 3 da zuwa na, kuma da hijabina nake aiki ba wanda ya taɓa cewa in cire, abinda kawai suke so hannu ya zama a buɗe zuwa gwiwar hannu in kina kan marar lafiya saboda tsafta. An taɓa samun wani tsoho da ya ce baya so in taɓa shi, na ji zafi har na shiga banɗaki na yi kuka, amma shugabar ɗakin ta tsaya min aka rubuta rahoto. Sau ɗaya kenan a shekara uku. Ni in kin tambaye ni ba titi ne abun tsoro ba, doka ce, don duk lokacin da ran jama'a ya ɓaci kan baƙi gwamnati mu take matsewa a takarda. Ki duba, Janairu 2024 aka hana yawancin ɗalibai zuwa da iyali, Maris 2024 aka hana masu aikin kula da tsofaffi zuwa da iyali, Yuli 2025 aka rufe ɗauko su daga waje gaba ɗaya, kuma a 2025 ɗin gwamnati ta kawo shawarar a mayar da jiran takardar zama na dindindin daga shekara 5 zuwa 10. Wannan fa ba jam'iyya ɗaya ba, masu ra'ayin riƙau sun yi Leba ma da suka hau sun ɗora. Don haka abu na farko ki karanta takardar ɗaukar aikin da kyau ki tabbata a matsayin nas aka rubuta ki ba mai kula da tsofaffi ba, don nas har yanzu tana zuwa da miji da yara kuma bata biyan kuɗin lafiyan nan da ake ɗora wa sauran masu biza. Ki tambaye su sau nawa za su biya miki OSCE in ba a dace a karon farko ba, da nawa za su ce ki mayar musu in kin bar aikin kafin wa'adin kwantiragi, da wata nawa za su baki masauki. Ki sani kuma bizan a ɗaure take da asibitin, in aiki ya ɓaci kwana 60 ake bayarwa ki samu wani wajen. Kuma dan Allah in akwai wani ejan a tsakani da yake neman kuɗi ki guje shi, Najeriya na cikin jerin ƙasashen da aka hana su zuwa farautar ma'aikatan lafiya, ke da kanki ne aka yarda ki nema kai tsaye, duk wanda ya ce ki biya miliyoyi don takardar ɗaukar nauyi ɓarawo ne. Shawarata ki fara zuwa ke kaɗai wata uku ko huɗu ki ci OSCE ki samu gida kusa da masallaci da makaranta, sannan Abban Ilham ya taho da yara. Sunderland ba kaman Bradford ba ce wajen yawan Musulmi amma akwai jami'a akwai 'yan Najeriya kuma Newcastle na kusa.

Goggon Wunti:
To ai kun ji, ita ma da ta je ta yi kuka a banɗaki. Ni dai har yanzu raina bai kwanta ba amma in har za a yi to a yi istihara tukuna kuma kar ta tafi sai mahaifinta ya sa albarka da bakinsa.

Maman Ilham, Pantami:
Na gode ƙwarai Allah ya saka wa kowa da alheri, Goggo insha Allahu ba inda zan taka sai Baba ya yarda. Yanzu na sake buɗe takardar, nas aka rubuta kuma ba ejan ni na nema da kaina, amma akwai wajen da suka ce in na bar aiki kafin shekara 3 zan mayar da kuɗin jirgi da na jarabawa kuma ba su faɗi nawa ba ne, gobe zan tura musu su rubuto min adadin. Filin da muke shirin sayarwa a Tumfure kuma na faɗa wa maigidana a bar shi mu nemi rance wajen yayana. Abban Sadiq dan Allah in ba damuwa ran Juma'a bayan la'asar zan je gida, ko za ka yarda in kira ka ka yi wa Baba bayanin nan da bakinka, har da na satin da matarka bata fita ba, don in ni na faɗa zai ga kaman son tafiya ne yake sa ni rage wani abu.

Abban Sadiq, ɗan Bajoga mazaunin Ingila:
Ba damuwa ƙanwata, ina tashi aiki ƙarfe huɗu agogonku ranar, ki turo min saƙo ta ciki in baki lamba. Ki ce wa Baba ya tanadi duk tambayoyinsa, zan sa Maman Sadiq ma ta zauna kusa don ita ta fi ni sanin yanda mace mai hijabi take ji a titi.