Ɗan damben Kyuba, Rigondeaux: gwani ne ko gudu ya iya?

Sani Mai Albasa, Mile 12

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata magana ce ta hana ni sukuni kwana biyu. Ƙanina, shekararsa 17, ya kamu da son damben boksin. Sau uku a mako yake tashi daga Agege kafin gari ya waye ya tafi filin wasa na ƙasa da ke Surulere, ni kuma nake biyan kuɗin mota. Shekaranjiya ya dawo da wani bidiyo da kocinsu ya tura masa, wai ya kalla har sai ya haddace. Damben wani ɗan Kyuba ne, Guillermo Rigondeaux, da wani ɗan Filifins mai suna Nonito Donaire.

Bayan sallar isha muka jingina wayar da buhun albasa muka zauna. Wallahi kafin turmi na bakwai gyangyaɗi ya kwashe ni. Mutum ya taka gaba, ya ja baya, ya sunkuya, ya ɗan taɓa abokin karawarsa, ya zame. Mu da muka tashi a damben gargajiya, inda ake ɗaure hannu a shiga a yi kisa ko a kashe ka, wannan ai rawa ce. Shi kuwa yaron sai ihu yake yi: "Yaya, dubi ƙafarsa! Dubi ƙafarsa!" Na ce masa ni hannu na zo gani.

Wai shi Rigondeaux ɗin zinare biyu gare shi a Olamfik. To in gwani ne haka, me ya sa ban taɓa jin sunansa ba, alhali ko ɗan dako a kasuwar nan ya san Anthony Joshua? Kuma salon da ya kamata yaro ya koya ke nan, in da dambe yake so ya ci abinci?

Baba Alhaji na Obalende

Wa alaikumus salam, ɗana. Ba a fahimtar mutumin nan sai an fahimci ƙasarsu.

Bayan juyin juya halin Fidel Castro, tun farkon shekarun 1960 gwamnati ta haramta damben kuɗi a Kyuba. Yaro mai baiwa sai a ɗauke shi a kai makarantar wasanni, a ci da shi, a koya masa, ya dambata wa ƙasa don lamba da tuta. Teófilo Stevenson ya ci zinare sau uku a jere, 1972, 1976 da 1980. An yi masa tayin miliyoyin daloli ya kara da Muhammad Ali, ya ƙi, kuma a Habana ya mutu a 2012. Félix Savón ma uku ya ci.

Mu 'yan Najeriya mun ɗanɗana hannunsu. A 1992 ina zaune gaban talabijin a nan Obalende, yaranmu biyu suka kai wasan ƙarshe a Barcelona, David Izonritei da Richard Igbineghu. Izonritei ya faɗa hannun Savón, Igbineghu kuma hannun Roberto Balado. Duka biyun azurfa suka kawo gida, duka biyun 'yan Kyuba suka tare su. Shi kansa Joshuan da kake magana, a wasansa na farko a Landan 2012 da ƙyar ya tsallake Erislandy Savón, 17 da 16, kuma har yau akwai masu cewa albarkacin gida ya ci.

A wannan gidan aka raini Rigondeaux. Haifaffen yankin Santiago ne, 1980. Bahago ne, ɗan ƙarami, ajin kilo 54. Ya ci zinare a Sydney 2000 yana ɗan shekara 20, ya sake ci a Athens 2004, ya ci gasar duniya a 2001 da 2005. A lokacin alƙalai maɓalli suke dannawa su ƙirga naushin da ya shiga sarai. Ka taɓa, kar a taɓa ka, ka ci. Wanda ya shekara goma sha yana cin duniya da wannan lissafi, ta ina zai koyi tsayawa a yi musayar duka don 'yan kallo su ji daɗi?

Sai 2007, a wasannin nahiyar Amurka da aka yi a Rio, shi da Erislandy Lara suka ɓace daga masauki. 'Yan sandan Brazil suka gano su, aka mayar da su gida. Castro da kansa ya yi rubutu a kansu, aka cire su daga tawaga. Beijing 2008 ta wuce yana zaune a gida, kuma can ne kowa ya sa masa ran zinare na uku. A farkon 2009 ya sulale ta teku zuwa Meksiko, daga nan Miami, ya bar mata da ɗa a baya. Shekararsa 28 ya fara damben kuɗi. A ƙananan ajin nauyi, inda sauri ne jari, wannan rana ta riga ta yi.

Duk da haka a dambensa na tara ya kashe Rico Ramos da naushin ciki ya karɓi kambun duniya na hukumar dambe ta WBA. Wanda ya sa ka barci kuwa na goma sha biyu ne, Afrilun 2013 a New York. Donaire a lokacin shi aka zaɓa gwarzon 2012, kowa tsoron hagunsa yake ji. Da ka daure ka kai turmi na 12, da ka ga Donaire dafe da ido yana neman inda zai ɓuya. Laƙabinsa El Chacal, wato dila. Ka san dila ba da ƙarfi yake cin daji ba.

Ɗan Guramaɗa, Idi-Araba

Baba, a gafarce ni, amma kun gyara masa tarihi da yawa. Mu faɗi ɗaya gefen.

Bayan Donaire aka ba shi Joseph Agbeko na Gana. Ya ci kowane turmi, gaskiya ne, amma kafin a gama mutane sun watse daga zauren. Da Casimero a 2021, turmi 12 cur, naushin da ya shiga daga su biyun gaba ɗaya 91 ne. A raba da 12 a gani. Ihun tsiya 'yan kallo suka yi ta yi, kuma shi aka ce ya faɗi.

Ga babbar magana: Disamba 2017, shi da Lomachenko a New York. Karon farko ke nan da masu zinare bibbiyu na Olamfik suka haɗu a damben kuɗi. Na kwana ban yi barci ba don in kalla, na zuba data ta dubu biyu. Sai riƙe-riƙe har alƙali ya zare masa maki, bayan turmi na shida ya zauna a kujera ya ce hannu ke masa ciwo. A gidan dambe, in makaɗi ya kira sunanka ka fito ka ce hannu, ai ka gama shiga gari.

Malam Sani, in yaro kuɗi yake nema, mutane kisa suke saye.

Baba Alhaji na Obalende

Ɗan Guramaɗa, ka manta ka ce shekararsa 37 a ranar, kuma aji biyu ya hau, daga kilo 55 zuwa 59, don manyan ajinsa sun ƙi shi. Zaman kujerar dai ban kare shi ba, ni ma ya ba ni haushi.

Tsohon Ɗan Dambe, Agege

Malam Sani, ni na taɓa sa safar hannu, shekara shida, a wannan Suruleren da ƙaninka ke zuwa. Yanzu Keke nake ja. Bari in gaya maka abin da yaron yake gani wanda kai ba ka gani.

In na dama ya haɗu da bahago, yaƙin farko a ƙasa ake yinsa. Ƙafar gabanka da tasa suna fuskantar juna, wanda ya sa tasa ta waje shi ya buɗe wa hannunsa na baya hanya. Koma bidiyon, ka rufe saman wayar da tafin hannunka, ka kalli takalma kawai na minti ɗaya. Za ka ga duk lokacin da Donaire ya gyara tsayuwa zai saki hagu, Rigondeaux ya matsa taku guda, ba biyu ba, ya bar shi yana fuskantar iska. Hannun damansa kuwa ba duka yake yi da shi ba, awo yake yi, kamar tela da tef. Da zarar awon ya cika sai hagu ta fito a miƙe. Na taɓa atisaye da wani bahago mai irin wannan salo, bai kai shi ko kusa ba. Turmi uku ban taɓa shi ba, sai na fusata na afka. Abin da na sani kawai shi ne ina durƙushe, bakina a buɗe, iska ta ƙi shiga. A ƙarƙashin haƙarƙarin dama ya sa min, daidai hanta. Hankalinka na nan garau, kana jin koci yana ƙirge, ƙafafu ne suka ce ba su san ka ba.

Masu cewa ba shi da hannu su tambayi Jazza Dickens na Ingila. A Cardiff, 2016, hagu ɗaya ta karya masa muƙamuƙi a turmi na biyu. Masu cewa ba shi da zuciya su kalli na Osaka, ƙarshen 2014. Amagasa, dogon ɗan Japan, ya kai shi ƙasa sau biyu a turmi na bakwai. Ya tashi ya kumbura wa mutumin fuska har aka tsayar. Matsalarsa ita ce in ya ga yana gaba a maki, ba ya ganin dalilin sa kansa a haɗari. Masu shirya dambe kuma tikiti suke sayarwa. Ba ya jin Turanci, ba ya zagin kowa a gaban kyamara, ba shi da garin da zai cika masa fili. Ɗan Meksiko yana da miliyoyi a bayansa, shi kuwa ƙasarsa ta ɗauke shi maci amana.

Ni na bi shawarar su Ɗan Guramaɗa. Wani mai shirya wasa ya ce min in daina ja da baya in ina son a riƙa kira na. Na tsaya aka yi ta musaya, mutane suka yi ta tafi. Kuɗin da ya ba ni daren nan, bayan na biya ɗinkin gira da motar komawa Agege, ko kwano biyu na shinkafa bai saura ba. Rabin da ya ce zai ciko har yau ina jira. Kunnena na hagu ba ya ji sosai, in fasinja ya yi magana daga wannan gefen sai na juyo da kai.

Ka bar yaron ya koyi ƙafar. Duka ana iya ƙara masa daga baya, amma wanda ya saba karɓa da fuska ba ya dainawa. Kuma kar ya yi gaggawar barin damben lamba ya koma na kuɗi. Ya nemi gasar jiha, ya nemi bikin wasanni na ƙasa, a san sunansa tukuna. Ko Kyubar ma ai ta sauka daga kan bakanta, tun 2022 ta bar yaranta suna damben kuɗi, su Julio César La Cruz suka fara a Meksiko. A 2022 ɗin nan Rigondeaux yana Miami, tukunyar girki mai matsin tururi ta fashe masa a fuska yana dafa wake, ta ƙona masa idanu. Mutumin da 'yan dambe suka shekara ashirin suna neman fuskarsa. Kuma ya warke ya koma ya dambata.

Sani Mai Albasa, Mile 12

Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Tsohon Ɗan Dambe, na yi yadda ka ce, na rufe saman wayar da kwalin ashana. Na ga takun. Na kai turmi na goma inda shi ma aka kai shi ƙasa, sai motar Sakkwato ta iso dole na tashi sauke kaya. Har yanzu dai ban ce zan biya kuɗi in kalle shi ba.

Yaron ya ce robar bakin da yake sawa a haƙora ta tsage, kuma hular kai ta aro ce, su huɗu suke karɓa-karɓa. In kana Agege ranar Juma'a, mu haɗu bayan masallaci ka raka mu inda ake sayar da mai kyau, don ni ban san ta gaske da jabu ba.