Ƙaramin injin niƙan tsiro da markaɗen kunun zaƙi: in saya ko in ba da a ƙera min?

Mai Kunun Zaƙi: Salam jama'ar zaure, dan Allah shawara nake nema. Ina yin kunun zaƙi a gida, na yara da kuma ɗan wanda nake ɗurawa a gora ina sayarwa, kullum kamar mudu 2 na gero, ranar juma'a ya kai 3. Toh matsalata injin unguwa ce, tun da man fetur ya tashi a 2023 kuɗin markaɗe bai sake sauka ba, ga layi, ga shi in aka riga ka da markaɗen tattasai ko wake sai ƙullunka ya ɗauko warin, jiya haka na zubar da bokiti guda. Tsiron dawa kuma da nake sawa mai inji baya ma son karɓa wai ya yi kaɗan. Ina son ɗan inji nawa na kaina mara tsada, na hannu zan saya ko in je gun masu walda?

Hajiya Babba: Wa alaikissalam 'yata. Kafin a kai ga inji, tsiron nawa kike sawa a mudu biyun? In bai wuce gwangwani biyu uku ba ai turmi ya ishe ki, in dai ya bushe ƙayau minti goma kin dake shi. Mu da dutsen niƙa muka tashi, kuma har yau ban sha kunun da ya kai na dutse daɗi ba.

Mai Kunun Zaƙi: Hajiya wlh bayana ne ba ya ɗaukar daka yanzu, kuma geron da ya jiƙa shi ne babban aikin.

Mai Walda: Anti ki fara raba aikin gida biyu a ranki, don niƙan busasshen tsiro daban, markaɗen jiƙaƙƙen gero daban. Abin da zan ce ki fara dubawa shi ne injin hannun nan da ake ɗaurawa a bakin tebur, mai mazurari a sama da hannun juyawa, Corona ko Victoria. Asalinsu daga Kolombiya ake yin su, kuma can ɗin dama don dafaffiyar masara aka yi su, shi ya sa jiƙaƙƙen abu baya ba su wahala. Akwai 'yan Chana masu kama da su sak da sun fi araha, su ne suka cika kasuwa. Ciki faranti biyu ne masu haƙora, ɗaya a tsaye ɗaya na juyawa, sai wani noti a gaba da kike matsewa ko sassautawa, in kin sassauta ya ɓarza in kin matse ya yi laushi. Tsiro ki ɓarza a bushe, gero kuma ki wuce da shi sau biyu, na farko a sake na biyu a matse kina ɗan yayyafa ruwa. Mudu biyu zai ci miki lokaci da ƙarfi kam ba zan ɓoye miki ba, amma ba fetur ba nepa.

Uwar Biyu: Ni irin shi gare ni, ɗan Chana, shekara ta biyu kenan. Abubuwan da na koya da wahala: in za ki saya ki sa mai shago ya kwance gaban ki ga farantan da idonki, ki haɗa su ki ga ko sun zauna daidai, don nawa na farko a karkace yake, gefe ɗaya na gogar ƙarfe ɗaya gefen na sakin gero da ɗai-ɗai. Sannan da kin kawo gida kar ki fara da abin da za a sha, ki niƙa tsohuwar shinkafa ko dusa kamar gwangwani biyu ki zubar, za ki ga ta fito da baƙi-baƙi. Kuma in kin gama markaɗe ki kwance ki wanke ki shanya a rana ki shafa ɗan man gyaɗa, in kika bar shi da laima kwana ɗaya tsatsa ta kama. Tebur ma ki samu mai ƙarfi, na roba ba zai yi ba.

Ɗan Kumasi: Gaisuwa 'yan uwa. Mu a nan Gana injin niƙa nikanika ake ce masa har waɗanda ba sa jin Hausa, kalmarmu ce ta bi gari. Masu koko a zango duk babban inji suke kai wa, kuma a Suame Magazine, unguwar maƙera da kanikawa ta Kumasi, ake ƙera su da yawa. Abin da nake so Anti ta riƙe shi ne maganar garin ƙarfe, farantin nan ci yake yi yana ƙarewa, shi ya sa ake kai shi wasawa, toh abin da ya cinye ina ya tafi in ba cikin abinci ba. Kar a matse noti har ƙarfe ya riƙa kukan gogar ƙarfe. Ki samu mayen ƙarfe na tsohuwar sifika ki sa a leda ki riƙa ratsa garin tsiron da shi, za ki ga abin da zai ɗauko.

Malamar Kimiyya: Ina goyon bayan na hannun, kuma ina da dalili a kan tsiron. Amfanin tsiro a kunu shi ne sinadarin da ke cikinsa mai narkar da sitaci ya mai da shi zaƙi, shi ne kike gani kunu mai kauri ya tsinke bayan kin zuba, busasshen dankali ma aikin da yake yi kenan. Zafi mai yawa yana kashe shi, don haka ba a zuba tsiro cikin ƙullun da aka sheƙa wa tafasasshen ruwa yanzu-yanzu, a bari ya ɗan huce tukuna, wajen digiri 60 zuwa 70 ya fi yin aiki. Injin da ke gudu sosai yana ɗumama gari, na hannu kuwa a sanyi yake fitowa. Sai abu na biyu da ya fi damuna, dan Allah duk mai yin tsiron dawa ya ji, saiwar da ɗan kan da ya fito suna ɗauke da guba irin ta ɗanyen rogo, ita ce ke kashe dabba in ta ci ƙaramar dawa a gona. In tsiron ya kwana 3 ko 4 kin shanya ya bushe, ki murje shi da tafin hannu ki sheƙe saiwar da ɗan kan su fita tas kafin ya shiga inji.

Hajiya Babba: Malama Allah ya yi miki albarka, iyayenmu murjewa suke yi su bushe a faifai, ba su taɓa dakawa da saiwa ba.

Mai Kunun Zaƙi: Ikon Allah, ni ina murjewa amma sama-sama, daga yau na gyara. Malam mai walda, maigidana yana cewa wai a sa wa na hannun motar lantarki ta riƙa juya shi, zai yiwu?

Mai Walda: Zai yiwu Anti amma a nan mutane ke kashe injinsu. Na hannun ba shi da boris, wato zoben nan mai ƙwallayen ƙarfe da ke sa juyi ya yi santsi, ƙarfe ne ke juyawa cikin ƙarfe, an yi shi ne don gudun hannu. Motar lantarki ta yau da kullum tana juyi wajen 1400 a minti, wata ma 2800, in aka haɗa kai tsaye ranar zai ƙone. Dole a rage gudun da bel da fuli, wato ƙafar da bel ke hawa. Lissafin ba wuya, in fulin mota inci 2 ne na inji kuma inci 12, an raba gudun gida shida kenan, ya dawo 230 da ɗoriya, kuma ko hakan ya yi masa yawa. Ni abin da nake yi rim ɗin keke nake sawa a madadin babban fulin, faɗinsa wajen inci 22, sai ya sauko kusan 130, in kafa shaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa, daban a kan boris biyu don kar bel ya riƙa jan injin gefe. Motar tsohon injin wanki tana yi. In kuna Kano a Ƙofar Ruwa za ku haɗa kayan, in Kaduna ne Panteka. A rufe bel ɗin da murfi saboda yara da bakin mayafi, wannan ba na sassauci a kai.

Ɗan Maraɗi: Ni dai ra'ayina ya bambanta. Mudu 2 yau, gobe in ciniki ya buɗe 5 ne, ga azumi na zuwa. Me zai hana ta yi haƙuri ta tara ta sayi ƙaramin injin markaɗe mai injin fetur irin GX160 ɗin nan, ta yi nata ta yi wa maƙwabta su biya, ya mai da kuɗinsa.

Uwar Biyu: Yaya in ta fara karɓar na maƙwabta ai tattasai da waken da ta gudo ne za su biyo ta har gida, ga ƙara ga hayaƙi a tsakar gida, in gidan haya ne ma rigima ce.

Ɗan Maraɗi: Wannan kuma gaskiya ne, sai dai ta ware faranti na kunu daban.

Mai Walda: Kuma kar wanda ya sa ki a hanyar injin rola mai ƙarfe biyu da ake gani a bidiyon Turawa, na fasa sha'ir ne a bar ɓawon, ratarsa wajen milimita 1, gero ƙanana ne zai riƙa zubewa ta tsakani, jiƙaƙƙe kuma liƙewa zai yi. Bilenda ma ta kicin in kika ɗora mata mudu biyu kullum ba za ta yi wata uku ba.

Mai Kunun Zaƙi: Na gode ƙwarai jama'a Allah ya bar zumunci. Zan fara da na hannun, asabar zan shiga Sabon Gari in sa a kwance min in duba farantan kamar yadda Uwar Biyu ta ce, yarana maza biyu su riƙa karɓa-karɓa wajen juyawa. In na ga hannu ya gaza kafin azumi sai mu zo maganar rim ɗin keken. Malam mai walda, mota mai ƙarfin doki nawa zan ce wa maigidan ya fara nema?

Mai Walda: Rabin doki ya isa Anti, mai juyi 1400, kar ya ɗauko mai 2800 ko da ta fi araha. Ya sa a kunna ta a gabansa ta yi minti biyar ya taɓa jikinta ya ji ko tana zafi.