Ko ana iya rage hasken dogon ƙwan fulorasan a ɗaki?

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu sanin harkar wutar lantarki a kan wani abu da ya dame ni a ɗakin mahaifiyata. A ɗakin akwai dogon ƙwan fulorasan mai ƙafa huɗu, na wat 36, irin mai cok (na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga ƙwan) da sitata (ƴar na'urar da ke tayar da shi), wanda aka saka tun lokacin da aka yi wa gidan wayarin. Wata biyu ke nan da aka yi mata aikin yanar ido, kuma tun daga lokacin take kukan cewa hasken ya yi mata kaifi, musamman idan ta tashi da tsakar dare domin alwala da nafila. Idan an kunna sai ta runtse ido tana laluben hanya, idan kuma an bar ɗakin da duhu ni hankalina ba ya kwanciya, domin shekarunta sun ja, kuma faɗuwa ɗaya a ƙofar banɗaki ta isa ta kwantar da ita.

Saboda haka na sayo makunnin rage haske, wanda masu shago ke kira dima, irin wanda ake murzawa kamar regiletar fanka, na sa aka haɗa shi a madadin tsohon makunnin. Idan na murza shi har ƙarshe ƙwan yana kamawa, amma cok ɗin yana ƙugi fiye da da. Da zarar na rage kaɗan sai hasken ya fara ƙiftawa, sitata ta yi ta ƙara, daga nan ya mutu ya sake kamawa. Cikin kwana goma bakunan ƙwan biyu sun yi baƙi ƙirin. Shin dimar ce ba ta da kyau, ko kuwa irin wannan ƙwan ba a rage haskensa? Idan akwai hanya, mece ce?

Mai Wayarin na Zariya:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Kafin komai, ka sa a cire wannan dimar yau ɗin nan a mayar da makunnin da, kuma a kashe wuta daga babban makunnin gidan kafin a taɓa waya. Dimar lafiyarta ƙalau, sai dai ba don irin wannan ƙwan aka yi ta ba.

An ƙera ta ne domin tsohon ƙwai mai zare, wanda haskensa ke fitowa daga siririyar waya da ta yi zafi. Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ita kuma dimar tana datse wani yanki na kowane rabin juyi, wato sau 100 a daƙiƙa. Zaren ba ruwansa da wannan datsewa, zafinsa kawai ke raguwa, hasken ya dushe. Dogon ƙwai kuwa aikinsa dabam ne. A cikinsa akwai iskar gas da ɗan turirin zaiba, wato makuri, wuta ce ke ratsa iskar daga wannan baki zuwa wancan, ta haifar da wani haske da ido ba ya gani, shi kuma ya bugi farin garin da aka shafe cikin gilashin da shi, garin ya ba da hasken da muke gani. Wannan ratsawar tana buƙatar isasshen ƙarfi, idan aka datse mata abinci ba dushewa take yi a hankali ba, yankewa take yi. Da ta yanke sai sitata ta ɗauka cewa yanzu aka kunna, ta sake tayar da ƙwan, dimar ta sake kashe shi, haka za su yi ta yi.

Baƙin da ka gani a bakunan daga nan ya fito. A kowane baki akwai ɗan zare da aka shafa wa wani sinadari, kuma dole ne ya kasance da zafi kafin ya yi aiki yadda ya kamata. Kowace tayarwa tana cin kaɗan daga sinadarin, aiki a sanyaye kuma ya fi cinye shi, abin da ya zube shi ne ya manne a gilashi ya yi baƙi. Ƙwan da ya kamata ya yi shekaru ya tsufa a kwana goma. Kuma ina roƙonka kada ka ce za ka gwada ƙwan enaji, mai lanƙwasa ɗin nan, a kan wannan dimar, domin shi ma fulorasan ne, kuma kayan da ke cikin gindinsa suna ɗaukar zafi sosai idan aka ba su datsattsiyar wuta, har sukan ƙone.

Injiniya daga Kaduna:

Bayanin da Mai Wayarin na Zariya ya yi daidai ne, sai dai zan ƙara cewa ana rage hasken fulorasan, kuma an daɗe ana yi a manyan ofisoshi da ɗakunan taro. Abin da ake canjawa shi ne cok ɗin, ba makunni kaɗai ba. Ana cire tsohon cok mai nauyi da sitata, a saka cok na zamani da aka ƙera musamman domin rage haske, irin waɗanda Philips da Osram da Tridonic suka yi. Shi wannan yana sarrafa ƙwan da saurin da ya haura juyi 20,000 a daƙiƙa, shi ya sa ba ya ƙiftawa, sannan yana ci gaba da ɗumama zaren bakunan daban ko da an rage wutar da ke ratsa ƙwan, wanda shi ne maganin baƙin da aka yi magana a kai. Mafi yawansu suna karɓar umarni ta wasu wayoyi biyu na daban, ko dai ta tsarin bolt 1 zuwa 10, ko ta tsarin da ake kira DALI, saboda haka sai an ja ƙarin waya daga fitilar zuwa bango, an kuma sayi makunnin da ya dace da tsarin. Masu kyau daga cikinsu suna sauke haske zuwa kashi 3 cikin 100, wasu har ƙasa da haka. Masu ƙera ƙwan da dama suna ba da shawarar a bar sabon ƙwai ya yi kimanin sa'o'i 100 da cikakken haske kafin a fara rage shi.

Duk da haka, Malam, ni ba zan ba ka shawarar bin wannan hanya ba saboda ɗaki ɗaya. Irin wannan cok ba kowane shago ke ajiye shi ba, wataƙila sai ka aika Legas, kuma kuɗinsa da na makunninsa da na aiki za su ninka kuɗin sabuwar fitila. Ban da haka, ƙwan kansa yana kan hanyar ƙarewa. Tarayyar Turai ta hana shigar da sababbin dogayen ƙwayaye na T5 (siriri) da T8 (irin naka mai wat 36) kasuwanninta tun watan Agusta na 2023, sannan a taron ƙasashen Yarjejeniyar Minamata kan zaiba da aka yi a Janeba a ƙarshen shekarar, an amince a daina ƙera su da cinikinsu tsakanin ƙasashe zuwa 2027, kuma Nijeriya tana cikin yarjejeniyar. Kashe kuɗi a kan kayan da za a daina samun ƙwansa bai dace ba. Idan lallai kana son makunni mai murzawa, ka koma LED, amma ka tabbatar an rubuta a kwalin cewa ana iya rage haskensa, domin yawancin dogayen ƙwayayen LED na wat 18 da ke kasuwa ba a rage su. Dimar da ke hannunka ma da wuya ta yi, saboda irinta kan buƙaci nauyin wat 40 ko 60 kafin ta zauna daidai.

Maman Ɗalibai:

Malam, ni ba injiniya ba ce, amma na yi jinyar surukata bayan irin wannan aikin, kuma ina ganin an tsaya a kan ƙwan silin alhali matsalar ta dare ce kawai. Da rana da farkon dare Hajiya tana buƙatar cikakken haske domin karatun Alƙur'ani da duba magani, tsofaffi ma sun fi mu buƙatarsa. Abin da ke cutar da ita shi ne fitowa daga duhu kai tsaye zuwa farin haske da ke saman kanta.

Abin da muka yi shi ne, mun bar dogon ƙwan da makunninsa, muka saka ƙaramin ƙwan LED na wat 3 mai launin ruwan ɗorawa a ƙasa-ƙasa jikin bango, kusa da hanyar banɗaki, yana haska ƙasa ba fuska ba, makunninsa kuma a gefen gado inda hannunta zai kai tana kwance. Sannan ka duba lambar da ke jikin sabon ƙwan da za ka saya, tunda wancan ya riga ya lalace. Mai lamba 865 shi ne fari fat mai kama da hasken tsakar rana, 840 ya fi shi laushi, 830 kuma yana da ɗan ja-ja kamar tsohon ƙwai. Da muka canja daga 865 zuwa 830 surukata ta ce idonta ya huta, ko da yake ƙarfin ƙwan bai canja ba. Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai shi ne kada wani ya rufe ƙwan da ƙyalle ko takarda don a rage kaifinsa, domin na ga inda mayafi ya babbake a jikin cok. Idan kuma kaifin hasken ya ci gaba da damunta ko da rana, ka faɗa wa likitan da ya yi aikin idan kun koma.

Ɗan Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. An cire dimar da yammacin nan. Shawarar Hajiya Maman Ɗalibai ta kwanta mini, amma akwai sauran tambaya ɗaya. A unguwarmu sau da yawa wuta ba ta da ƙarfi, da dare kuma kan janareta muke har ƙarfe goma sha ɗaya, daga nan sai duhu, kuma a daidai wannan lokacin ne mahaifiyata take tashi. Ƙaramin ƙwan da za a saka a bango zai yi amfani a irin wannan hali?

Mai Wayarin na Zariya:

To, Malam, wannan ya ƙara nuna cewa dima ba za ta yi maka ba, domin ko mai kyau ce tana rawa a kan ƙaramin janareta, kuma idan babu wuta ba abin da za ta rage. Ka ware ƙaramin ƙwan daga wayarin ɗin gidan gaba ɗaya. Ka nemi ƙwan LED na bolt 12 mai wat 2 ko 3, ka haɗa shi da ƙaramin batir mai amfa-awa 7 (wanda aka rubuta 7Ah a jikinsa), irin na UPS ɗin kwamfuta, da caja ko ɗan faifan sola mai na'urar daidaita caji. Ƙwan wat 3 yana jan rubu'in amfa ne, saboda haka ko ya kwana a kunne sa'o'i takwas bai ci fiye da amfa-awa 2 daga batirin ba. A saka fis ɗan ƙarami dab da kan batirin, a ajiye batirin a ƙasa inda iska ke shiga, nesa da labule. Tsohon ƙwan da ya yi baƙi kuma a cire shi a hankali a mayar da shi cikin kwalin sabon, kada yara su fasa shi a tsakar gida saboda zaibar da ke ciki.