Shawarwari kan dutsen tirilobait da aka sayo a Jidda

Wani ɗan'uwa ya sayo tirilobait a Jidda, wato ragowar da ta zama dutse ta wani ƙwaron teku da ya ƙare kimanin shekara miliyan 252 da suka wuce. Ya tambaya a wani zama yadda zai gane ko na gaske ne. Masu sani a zaman suka ce yawancin waɗanda ake sayarwa daga Maroko suke, wajen garin Alnif, kuma jabun roba sun yi yawa. A duba da madubin ƙara girma: ƙananan ramukan kumfa alamar zubi ne. Idan nau'in da ake kira Phacops ne, idonsa na da ƙwayoyi jere-jere, da wuya mai jabu ya fitar da su tsaf. Allura mai zafi tana narka roba, amma ni ban so ba, tana ɓata kaya. Tsagewar da aka liƙe kuwa kada ta tsorata shi, da fasa dutse ake gano na gaske.